Murya a Kunnen Dama, Ganguna a Hagu: Laifin Waya Ne ko na Waƙar?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Tudun Wada a nan Kaduna, kuma galibi da dare nake sauraron waƙa da hedifon don kada in dami iyali. Abin da ke damuna shi ne, a wasu waƙoƙin, musamman tsofaffi na Turawa, sai in ji muryar mawaƙi a kunnen dama kaɗai, ganguna kuma a hagu, har kaina ya fara nauyi bayan minti 20. Wasu kuma gaba ɗaya sautinsu ya fi ƙarfi a gefe guda. Idan na kunna su a lasifikar falo ba na jin wannan matsala. Na canza hedifon sau biyu, na kuma taɓa saitin daidaita hagu da dama a wayata, amma abin bai gyaru ba. Laifin waya ne, ko na waƙar, ko kuwa kunnena ne ya fara samun matsala?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, matsaloli biyu ne ka haɗa a cikin tambaya ɗaya. Ta farko ita ce waƙar da aka rarraba kayan kiɗanta, aka kai murya can ƙarshen dama, aka kai ganguna can ƙarshen hagu, aka bar tsakiya babu komai. Ta biyu ita ce waƙar da komai nata, murya da kiɗa, ya rinjaya gefe guda. Ta farko yawanci haka aka fitar da waƙar tun daga situdiyo, kuma sayen hedifon goma ba zai canza ta ba. Ta biyu kuwa kusan kullum alama ce ta cewa wani abu ya sami tangarɗa a kan hanya, tsakanin fayil ɗin waƙar da wayar da hedifon da kunnen mai sauraro. Na daɗe ina aikin ɗaukar sauti da haɗa shi a garin nan, kuma na lura cewa mafi yawan kuɗin da mutane ke ɓarnatarwa a kan wannan al'amari suna tafiya ne saboda ba a tsaya an raba waɗannan biyun ba.

Gwajin minti biyar kafin a sayi komai

Da farko ka mayar da saitin hagu da dama da ka taɓa zuwa tsakiya daidai, domin in ka bar shi a karkace zai rikita duk abin da za ka gwada bayansa. Sannan ka shiga sashen Accessibility na wayarka ka kunna Mono audio. Wayoyin iPhone da Samsung suna da shi, haka ma yawancin Tecno da Infinix na 'yan shekarun nan, sai dai wurin da aka ajiye shi yakan bambanta kaɗan. Abin da wannan saiti ke yi shi ne ya gauraya sautin hagu da na dama ya aika abu iri ɗaya zuwa kunnuwa biyu. Yanzu ka kunna waƙar da ke damunka, ka rufe ido. Idan ka ji sautin ya tsaya cak a tsakiyar kanka, to wayarka lafiya, hedifon lafiya, kunnenka ma lafiya, matsalar tana cikin waƙar. Idan har yanzu yana rinjaya gefe guda, sai ka juya hedifon ɗin, na hagu ya koma kunnen dama, na dama ya koma hagu. In rinjayen ya bi hedifon ya koma ɗaya gefen, laifin kayan aiki ne, sai ka gwada shi a wata wayar don ka san tsakanin hedifon da waya wane ne mai laifi. In kuwa rinjayen ya tsaya a gefen da yake duk da ka juya, to maganar ta koma kan kunne.

A ɓangaren kayan aiki, abin da na fi cin karo da shi ba lalacewa ba ce, datti ne. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini wayarsa a tsakiyar hunturu yana rantsuwa cewa ramin sa iyafis ya ƙone, domin kunne ɗaya yana magana ɗaya yana raɗa. Na kashe wayar, na sa tsinken sakace a hankali cikin ramin, sai ga dunƙulen ƙurar hunturu da zaren aljihu kamar ƙwayar gero biyu a manne. Su ne suka hana kan iyafis ɗin shiga har ƙarshe. Haka ma ƙaramar ragar da ke bakin iyafis, dattin kunne yakan toshe ta a gefe ɗaya, kuma tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa ya gyara. A duba kuma yadda hedifon ya zauna: ƙafar tabarau ko gefen ɗankwali da ya shiga ƙarƙashin soso yana buɗe ƙofar iska, kuma da zarar iska ta sami hanya, sautin bes mai kauri ya tsere daga wannan kunnen. Akwai wata alama ta daban da ya kamata a sani. Idan muryar mawaƙi ta ɓace kusan gaba ɗaya, kiɗan kuma ya koma kamar daga cikin rijiya, wannan yana nuna cewa siririyar wayar cikin kebul ɗin hedifon da kunnuwan biyu ke tarayya a kanta ce ta tsinke ko ba ta taɓa wurinta ba, sai hedifon ya riƙa fitar da bambancin da ke tsakanin hagu da dama kawai, alhali murya tana tsakiya.

Game da kunne kuwa, ni ba likita ba ne, kuma iyakar abin da zan ce shi ne kada a yi wasa da shi. Sau da yawa datti ne ya taru ko mura ce ta toshe, amma idan ji ya ragu a kunne ɗaya farat ɗaya, musamman tare da ƙara a cikin kunnen ko jiri, likitocin kunne suna ɗaukar wannan a matsayin abin gaggawa da ake son a gani cikin 'yan kwanaki, ba bayan wata ba. Mu a Kaduna mun yi sa'a, domin Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a garin nan take, kuma gwajin ji ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo.

Idan fayil ɗin ne ya zo a karkace

Wannan ya fi shafar tsofaffin waƙoƙinmu na gida, na kalangu da kukuma da kotso, waɗanda da yawansu da makirufo ɗaya aka ɗauke su, ba su da hagu ba su da dama tun asali. Daga kaset suka fito, aka juye su a kwamfuta, suka bi hannun masu tura waƙoƙi a kasuwa, daga wannan waya zuwa waccan. Idan kan rakodar da aka yi juyin da ita ya tsufa ko ya ɗan goce, gefe ɗaya zai fito a dushe, babu kaifi. Idan kuma mai juyin ya yi amfani da kebul mai layin sauti ɗaya ya sa a ramin da ke jiran layi biyu, waƙar gaba ɗaya za ta zauna a kunnen hagu. Wani bawan Allah ya kawo mini filas cike da waƙoƙin da mahaifinsa ya tara a kaset, yana cewa hedifon ɗinsa ya mutu a gefe ɗaya. Da na buɗe fayil na farko a manhajar gyaran sauti ta Audacity, layin sama ya cika da tudu da kwari na sauti, layin ƙasa kuwa miƙaƙƙen zare ne daga farko har ƙarshe. Gyaran bai kai minti biyu ba: na raba layukan biyu, na goge wanda babu komai a cikinsa, na ajiye mai sautin a matsayin mono. Audacity kyauta ce, kuma duk mai kwamfuta zai iya yin wannan da kansa. Abin da nake roƙo kawai shi ne a bar ainihin fayil ɗin a ajiye, a yi gyara a kan kwafi, kuma in da hali a fitar da shi a FLAC ko WAV, nau'ikan fayil da ba sa rage ingancin sauti, domin duk lokacin da aka sake matse MP3 sai wani abu ya ragu daga ingancinsa.

A irin wannan yanayi, da kuma yanayin wanda likita ya tabbatar masa cewa kunnensa ɗaya ya ɗan fi rauni, saitin daidaita hagu da dama yana da amfani, domin aikinsa shi ne rage ƙarfin gefe ɗaya. Amma ga waƙar da murya ke dama ganguna ke hagu, ba shi da abin da zai yi. In ka ja shi hagu, ka rage murya ne kawai, ba ka matso da ita tsakiya ba. Shi ya sa ka taɓa shi ba ka ga canji ba.

Yadda aka yi har murya ta koma gefe

Wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein na kamfanin EMI, shi ne ya yi rajistar fasahar sitiriyo, wato sauti mai layin hagu da na dama daban-daban, a 1931, amma faifan sitiriyo bai shiga kasuwa sosai ba sai a 1958. A shekarun farko na 1960 na'urorin ɗaukar sauti layi biyu ne ko uku ko huɗu kawai gare su, kuma teburan haɗa sauti da yawa ba su da maɓallin da ake murɗawa a ajiye kaya a duk inda aka ga dama. Zaɓi uku ne: hagu, tsakiya, dama. Bayan haka, akasarin masu saye a lokacin rediyo da garmaho mai lasifika ɗaya suke da shi, don haka a kan mono ake zuba ƙwazo, sitiriyo kuma a yi shi daga baya a gurguje. Misalin da aka fi sani shi ne na ƙungiyar Beatles. Kundin waƙoƙinsu na farko a 1963 a kan layi biyu aka ɗauke shi, kiɗa a ɗaya, murya a ɗaya, don a sami damar daidaita ƙarfinsu lokacin haɗa mono. Da aka tashi fitar da na sitiriyo, sai layukan nan biyu suka zama hagu da dama kusan yadda suke. Ba wanda ya zauna yana tunanin mai hedifon a lokacin, domin sauraro da hedifon bai zama ruwan dare ba sai bayan da Sony ta fito da Walkman a 1979. Kafin nan ma an riga an daidaita a kan al'adar da ake bi har yau, wato murya da bes da babbar ganga a tsakiya, sauran kaya a gefe.

To me ya sa lasifikar falo ba ta nuna maka wannan aibi? Saboda a ɗaki kowane kunne yana jin lasifika biyun. Sautin lasifikar hagu yana isa kunnen hagu, sannan ya zagaya kai ya isa na dama, a ɗan makare kuma a ɗan raunane. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya, don haka ko da daga gefe sosai ya taso, jinkirin da ke tsakanin kunnuwa biyu bai wuce milisakan 0.6 zuwa 0.7 ba, amma ƙwaƙwalwa da wannan ɗan jinkirin take gane inda abu yake. Kan mutum kuma yana tare siraran sautuka masu kaifi, kusan daga Hz 1500 zuwa sama (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), yayin da masu kauri ke zagaya shi kamar babu shi. Ga kuma bango da rufi da ke dawo da sautin daga ko'ina. A rayuwar yau da kullum babu wani sauti da ke shiga kunne ɗaya ɗari bisa ɗari ya bar ɗayan shiru, sai dai sauro da ya zo dab da kunne ko mai raɗa. Hedifon kuwa abin da yake yi ke nan: ya ɗauki ganga guda ya cusa a kunne ɗaya, ɗayan bai san ana yi ba. Nauyin kan da kake ji bayan minti 20 ƙwaƙwalwa ce ke ta neman rabin labarin da ba a ba ta ba.

Ni kaina na taɓa faɗa wa wannan rami. A farkon aikina na haɗa wata waƙar biki a kan lasifika kaɗai, na kai kalangu ƙarshen hagu don ya bar wa 'yan amshi fili, kuma a situdiyo abin ya yi daɗi ƙwarai. Bayan kwana biyu mai waƙar ya dawo yana cewa dangin amarya sun ce babu kalangu a ciki. Ashe 'yan matan iyafis ɗaya suke rabawa, kowace da kunne guda, wadda ta sami na dama ba ta ji kalangu ko sau ɗaya ba. Tun daga ranar ba na sallamar aiki sai na saurare shi a lasifika, a hedifon, da kuma a mono.

Hanyoyin gyara, daga mai sauƙi zuwa mai kyau

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ka riga ka kunna wajen gwaji, wato mono. Ba ta buƙatar kuɗi ko wata manhaja, kuma ga mai sa iyafis a kunne ɗaya, kamar mai shago da ke son jin abokin ciniki, ita ce daidai. Sai dai tana da farashi. Faɗin waƙar yana rushewa, komai ya taru a wuri ɗaya, abin da ke tsakiya ya ƙara fitowa fiye da na gefe, kuma a wasu waƙoƙin sautukan da suka saɓa wa juna tsakanin hagu da dama suna cinye juna, sai ka ji wani kayan kiɗa ya dushe. Wata matsalar ita ce mantuwa: mutum ya kunna mono saboda waƙa ɗaya, ya shekara yana sauraron komai a haka. Idan waƙar ta shekarun 1960 ce, ya fi kyau ka nemi ainihin haɗin mono da aka yi mata a lokacin, wanda ba daidai yake da gauraya sitiriyo a waya ba. An sake fitar da na Beatles a 2009, kuma a manhajojin sauraron waƙa sau da yawa za ka ga an rubuta mono a gefen sunan faifan.

Hanyar da ni na fi so ita ce wadda za mu iya kira tsallaken sauti, wadda a cikin manhajoji za ka gan ta da sunan Crossfeed. Manufarta ita ce a kwaikwayi abin da ɗaki ke yi: a ɗebi kaɗan daga sautin hagu, a rage masa kaifi, a ɗan jinkirta shi, a zuba a kunnen dama, a yi haka kuma daga dama zuwa hagu. Ba sabuwar dabara ba ce, domin Benjamin Bauer ya bayyana ta tun 1961, Siegfried Linkwitz kuma ya fito da nasa tsarin a 1971. Manhajoji da dama a kan wani tsari mai suna bs2b suka dogara, wanda ke da saituka uku da aka saba: Hz 700 da desibel 4.5 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), Hz 700 da desibel 6, sai Hz 650 da desibel 9.5. A nan mutane kan ruɗe, don suna zaton babbar lambar desibel ita ce mai ƙarfi. Akasin haka ne. Lambar tana nuna yawan ragin da aka yi wa sautin da ke tsallakawa, saboda haka 4.5 ya fi gaurayawa, 9.5 kuma shi ne mafi sauƙi. Ga waƙar da aka raba gida biyu irin wadda ka kwatanta, 4.5 nake sawa. Ga sauraron yau da kullum kuwa 9.5 ya ishe ni, har nakan manta yana kunne. A wayoyin Android, manhajojin Neutron da USB Audio Player Pro suna da wannan saiti, a kwamfuta kuma ana iya ƙara shi a foobar2000.

Kada ka yi tsammanin abin mamaki a minti na farko. Mafi yawan waɗanda na kunna wa sukan ce ba su ji bambanci ba, ko ma su ce waƙar ta ɗan ƙuntata kuma bes ya ragu. Shawarata ita ce ka bar shi a kunne na rabin awa, sannan ka kashe shi ba tare da tsayar da waƙar ba. A lokacin ne za ka ji ganga ta koma ta maƙale a cikin kunnenka, ka gane aikin da yake yi.

Akwai matsakaiciyar hanya ga wanda ke da kwamfuta kuma waƙoƙin da ke damunsa ba su da yawa. A Audacity sai a raba layukan biyu, maimakon a bar su a ƙarshen hagu da ƙarshen dama, a matso da kowanne zuwa kusan rabin hanya, a saurara, a ƙara ko a rage har sai kunne ya natsu. Mai amfani da Windows zai iya yin irin wannan ga duk sautin kwamfutar da Equalizer APO, inda zai ba kowane kunne kashi 80 na nasa da kashi 20 na ɗan'uwansa. Wannan ba ya kwaikwayon inuwar kai kamar tsallaken sauti na gaske, amma ga faifan da aka raba gida biyu yana kawo sauƙi nan take.

Saitukan da ke cikin wayoyin zamani irin su Dolby Atmos ko Spatial Audio su ma suna rage wannan rabuwa, domin suna ƙoƙarin sa ka ji kamar lasifika ce a gabanka. Ka gwada, tunda kyauta ne. Ni dai a kunnena suna canza launin murya fiye da yadda nake so, su ƙara mata wani amsa-kuwwa da mai waƙar bai sa ba, amma na san abokan aiki da suka fi son su, kuma siffar kunnen kowa tana da tasiri a kan yadda yake jin su.

Ya kamata kuma in faɗi inda duk waɗannan dabaru suke tsayawa. Babu ɗaya a cikinsu da zai ɗauko murya daga dama ya dasa ta a tsakiya ya bar ganguna inda suke, domin an riga an dama su a layi ɗaya da duk abin da ke tare da su. Abin da suke yi shi ne matso da ɓangarorin biyu kusa da juna. Raba murya da kiɗa bayan an haɗa aiki ne na sababbin manhajoji masu amfani da ƙirƙirarriyar basira, irin wanda aka yi amfani da shi wajen sake haɗa wani faifan Beatles na 1966 da aka fitar a 2022. Waɗanda ke hannun jama'a na gwada su, kuma suna yin abin kirki a kan waƙoƙin Turawa, amma a kan kalangu da kukuma sukan bar wani ƙaiƙayi a sautin, wani lokaci ma su ɗauki kukan kukuma a matsayin muryar mutum.

Abu ɗaya da nake so ka guje wa shi ne ƙara ƙarfin sauti don ka ji gefen da ya yi rauni, domin kunnen da ke samun cikakken sauti shi ke biyan kuɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Tunda da dare kake sauraro, lokacin da gari ya yi tsit, ba ka buƙatar wuce rabin ƙarfin wayar. Daga bayanin da ka yi, musamman cewa a lasifikar falo komai daidai ne kuma hedifon biyu sun ba ka sakamako iri ɗaya, na fi kyautata zaton tsofaffin waƙoƙin haka aka haɗa su, waɗanda suka rinjaya gefe guda kuma daga juyin kaset ne. Ka yi gwajin mono da juya hedifon a daren yau, in rinjayen ya ƙi barin kunne ɗaya duk da juyawar, ka fara da zuwa asibitin kunne kafin ka sauke kowace manhaja.